Yadda ake ƙunshe Eclipse ya yi aiki da 'yantaccen Java kaɗai a kan Debian

Tambayar da aka aiko ita ce: "Muna da ɗakin kwamfuta da ake koyar da Java, duka injinan Debian ne a kansu. Ina so in mayar da Eclipse ƙunshin .deb da zai yi aiki da 'yantaccen Java, ba na Oracle ba. Na ci karo da tsofaffin bayanai masu maganar GCJ. Ta ina zan fara, kuma me ya fi yawan lalacewa?"

Malam, ka fara ajiye bayanan GCJ ɗin nan a gefe, don zamaninsu ya wuce. Amma yana da kyau ka san dalilin da ya sa aka rubuta su, saboda wasu matsalolin da suka yi fama da su har yau suna nan.

Lokacin da IBM ta saki tushen Eclipse, manhajar rubuta shirye-shiryen Java, a 2001, shi kansa Eclipse ɗin 'yantacce ne, amma injin Java da yake hawa a kai mallakin kamfanin Sun ne, lasisinsa bai yarda a gyara ko a rarraba yadda aka ga dama ba. Abin da Richard Stallman ya kira tarkon Java ke nan a 2004. Masu Linux sai suka nemi wata hanya: GNU Classpath a madadin laburaren Java, da injina irin su Kaffe, JamVM da Cacao, sai GCJ, wani sashe na GCC, tarin kompailolin GNU, mai juya Java zuwa harshen na'ura kai tsaye. Fedora Core 4 ta 2005 ta zo da Eclipse da aka gina ta wannan hanya. Kowane fayil na .jar ana yi masa abokin tafiya na .so, a rubuta dangantakarsu cikin wata 'yar ma'ajiya da gcj-dbtool, don injin ya ɗauko wanda aka riga aka juya maimakon ya riƙa fassarawa a hankali. Daga nan Sun ta sanar da sakin Java a ƙarƙashin 'yantaccen lasisin GPL a Nuwamba 2006, laburaren ya biyo baya a Mayu 2007, Red Hat ta kafa IcedTea don cike 'yan guraben da suka rage a rufe, kuma a 2008 OpenJDK 6 na Fedora 9, wato wannan Java ɗin da aka saki, ya ci jarrabawar dacewa ta Java. GNU Classpath ya tsaya a fitowa ta 0.99 a 2012, aka cire GCJ daga GCC 7 a 2017. Eclipse na yau ba zai ko motsa a kansu ba. Saboda haka 'yantaccen Java a yau yana nufin OpenJDK, kuma yana cikin babban rumbun Debian: Debian 12 tana da 17 a matsayin na asali, Debian 13 tana da 21.

Abin da ya rage da wuya shi ne ka yanke shawarar iyakar 'yancin da kake nema, domin abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko, Eclipse ya tashi ya yi aiki a kan OpenJDK na Debian. Na biyu, a ce kowane .jar da kowane .so da ke cikin ƙunshin daga tushensa aka gina shi, da kayan aikin da ke cikin Debian, ba tare da an taɓa intanet ba. Na farkon aikin yini ɗaya ko biyu ne. Na biyun shi ne sharaɗin shiga babban rumbun Debian, kuma shi ne ya gajiyar da masu kula da ƙunshin har Eclipse ya maƙale a fitowa ta 3.8 shekara da shekaru kafin a cire shi, aka bar gutsattsarinsa irin su ecj da laburaren SWT. Ga ɗakin karatu, na farkon ya wadatar, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kafin ka sauke komai, ka daidaita fitowar Eclipse da Java ɗin da ke kan injinanka. A nan ne mutane suka fi faɗuwa. Kowane fayil na .class yana ɗauke da lambar Java ɗin da aka gina shi dominsa: 52 na Java 8 ne, 55 na 11, 61 na 17, 65 na 21. Ka ƙara 44 a kan lambar fitowar, shi ke nan. Injin 17 in ya ga 65 sai ya ƙi, ya jefo UnsupportedClassVersionError. Umarnin javap -v a kan kowane .class zai nuna maka lambar a layin major version. Eclipse ya fara neman Java 11 tun fitowar 2020-09, sababbin kuma suna neman 17 ko 21. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe eclipse.ini ka duba layin -Dosgi.requiredJavaVersion. Wasu sukan rage wannan lambar da hannu suna zaton sun yi dabara. Banza ne. Kowane ɗan sashe na Eclipse yana da nasa sharaɗin a rubuce cikin MANIFEST.MF ɗinsa, kuma Equinox, wato tsarin OSGi mai loda sassan, zai ƙi kunna wanda sharaɗinsa bai cika ba. Sai ka ga manhajar ta tashi, amma rabin jerin umarnin babu, ba tare da wani gargaɗi a fuska ba. In injinanka Debian 12 ne, ko dai ka ɗauki fitowar Eclipse mai gamsuwa da 17, ko ka ɗaga su zuwa Debian 13. Ni na biyun zan zaɓa in kwamfutocin za su ɗauka.

Sai batun inda za ka samo kayan. Ƙunsoshin da aka saba saukewa daga shafin Eclipse suna zuwa da nasu Java a ciki, a cikin foldar plugins da suna mai farawa da org.eclipse.justj. Shi ma daga OpenJDK yake, ba haramtaccen abu ba ne, amma yana ƙara nauyi, kuma apt, mai girka ƙunsoshin Debian, ba ya sabunta shi idan an toshe wata kafar tsaro. Kada ka goge foldar da hannu, domin p2, mai kula da abin da aka girka, yana riƙe da lissafinta, wata rana zai neme ta. Gara ka haɗa naka da p2 director: ka ba shi adireshin rumbun fitowar da ka zaɓa da -repository, ka lissafa abin da kake so da -installIU, ka nuna masa inda zai zuba da -destination, ka ƙara -roaming don kada ya manne wa hanyar foldar da ka yi ginin a ciki. Wannan -roaming ɗin ƙarami ne amma in ka manta da shi, ƙunshin zai yi ta neman foldar gidanka a kan injin ɗalibi. Ka zaɓi dandalin da kayan Java, wato JDT, da Git, mai adana tarihin gyare-gyare, da Maven, kayan gina shiri, in ana koyar da su. Abin da ba a koyarwa ka bar shi.

Wurin zama shi ne /usr/lib/eclipse, ko /opt in ka fi so, amma ba /usr/share ba, domin akwai fayilolin da aka gina don nau'in na'ura guda. Wannan ne ma ya sa a debian/control dole ka rubuta Architecture: amd64 ko any, ba all ba. Mutane kan ɗauka duk abin da aka rubuta da Java ko'ina yake tafiya. Eclipse ba haka yake ba. Tagoginsa da maɓallansa SWT ne ke zana su, shi kuma SWT ta hanyar JNI, gadar Java zuwa C, yake kiran GTK, mai zana tagogi a Linux, da laburaren C. Mai tayar da shirin ma da C aka rubuta shi. Saboda haka layin Depends ɗinka ya ƙunshi default-jdk (>= 2:1.17) ko daidai da abin da fitowarka ke nema, da GTK 3, da WebKitGTK. An daina tallafa wa GTK 2 tun fitowa ta 4.10 a ƙarshen 2018. WebKitGTK, mai nuna shafukan yanar gizo a cikin taga, shi aka fi mantawa da shi, domin Eclipse yana tashi lafiya lau ba tare da shi ba. Sai ɗalibi ya ɗora linzami a kan sunan wani aiki yana jiran bayanin Javadoc ya fito a tsare, ko ya buɗe shafin taimako, a nan ne za a ga fili fari ko kuskuren SWTError. Sunan ƙunshin WebKitGTK yana canzawa tsakanin fitowar Debian, akwai na 4.0 akwai na 4.1, don haka ka duba wanda ke cikin taka.

Ka lura na ce default-jdk, ban ce default-jre ba, balle default-jre-headless. Na headless ɗin ba shi da sashen zana taga na AWT. Eclipse da kansa zai iya tashi, amma ranar da aka fara darasin Swing kowane shirin ɗalibi zai faɗi. Shi kuwa JRE zalla, wato injin gudanar da shiri ba tare da kayan gini ba, yana ruɗin mutane saboda Eclipse yana da nasa kompaila, ecj, don haka yana gina shiri ba tare da javac ba. Amma Maven da sauran kayan layin umarni suna neman cikakken JDK. Ka saka openjdk-17-source, ko na 21, a Recommends. In babu shi, duk wanda ya danna F3 a kan String don ya ga yadda aka rubuta shi zai ga saƙon cewa ba a sami tushe ba, kuma a wurin koyo wannan asara ce babba.

Yanzu eclipse.ini. Mai tayar da Eclipse ba ya kallon JAVA_HOME ko kaɗan. Yana fara duba -vm, in babu ya nemi folda mai suna jre kusa da shi, in babu ya ɗauki java na farko da ya gani a PATH. In wani ya taɓa girka Java na Oracle a injin ya saita update-alternatives, to a kansa Eclipse ɗinka zai hau, kai kuwa kana can kana cewa 'yantacce ne. Ka rufe wannan ƙofar:

-vm
/usr/lib/jvm/default-java/bin/java

Layi biyu ne daban, kuma dole su zo kafin -vmargs. Duk abin da ya biyo bayan -vmargs injin Java ake miƙa wa, don haka -vm da aka sa a ƙasa ba ya aiki. Don tabbatarwa, ka shiga Help, About, Installation Details, Configuration, ka karanta layin java.home da eclipse.vm. A nan ƙasan -vmargs ne kuma za ka daidaita -Xmx. A injin mai ƙwaƙwalwa gigabait 4, -Xmx1024m ya isa ƙananan ayyukan aji, ya bar wa burauza da shirin ɗalibin wurin numfashi.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibanka za su rubuta ƙ da ɗ da ɓ a cikin shirye-shiryensu. Kafin Java 18, injin yana ɗaukar tsarin haruffa ne daga saitin harshen kwamfutar. Daga 18 ne UTF-8 ya zama na asali. To a kan 17, in aka yi gini a wurin da LANG yake C, kamar yadda yake a yawancin keɓaɓɓun wuraren gina ƙunshi, javac zai yi ƙorafin unmappable character, ko kuma ƙugiyoyin su fito alamar tambaya. Ka sa -Dfile.encoding=UTF-8 a ƙarƙashin -vmargs, ka ba javac -encoding UTF-8, a Maven kuma ka cika project.build.sourceEncoding. Ka ƙara fonts-dejavu ko Noto a Recommends don haruffan su sami surar da za a zana su da ita.

Tunda foldar girkin ta root ce, wato asusun mai cikakken iko, ɗalibi ba zai iya rubutu a /usr/lib/eclipse ba, kuma haka ake so. Eclipse ya san wannan yanayin: in ya ga foldar configuration ba ta rubutuwa, sai ya buɗe wa kowane mutum tasa a ~/.eclipse. SWT ma yana zazzage fayilolinsa na .so daga cikin jar zuwa ~/.swt. Matsaloli biyu ke fitowa daga nan. In an ɗaura foldar gida da noexec, abin da wasu masu kula da ɗakunan kwamfuta kan yi don tsaro, SWT ba zai lodu ba, sai UnsatisfiedLinkError. Maganinsa ka ciro .so ɗin tun wurin gini ka ajiye a /usr/lib/jni, inda OpenJDK na Debian yake dubawa da kansa. Ta biyun, kada ka taɓa gwada ƙunshin a matsayin root, domin root yana iya rubutu a ko'ina, zai cika foldar girkin da fayilolin da dpkg bai san da su ba, sannan ya ɓoye maka duk matsalar izini da ɗalibi zai haɗu da ita.

Idan Eclipse ya tashi amma shagon ƙarin sassa ko Maven ya ƙi haɗuwa da intanet da saƙon trustAnchors parameter must be non-empty, ba Eclipse ne da laifi ba. Ma'ajiyar takardun shaidar Java ce babu komai a ciki. Ka sake girka ca-certificates-java, ko ka gudanar da update-ca-certificates -f.

Tsofaffin ƙarin sassa su ne suka fi kawo ciwon kai a sabon OpenJDK, kuma mutane kan ɗora laifin a kan cewa ba Java na Oracle ba ne. Ba haka ba ne, tun daga 11 tushensu ɗaya ne. Abin da ya faru shi ne an kwashe wasu abubuwa daga Java gaba ɗaya: tools.jar da sun.misc.BASE64Encoder sun tafi a 9, javax.xml.bind da CORBA a 11, JavaFX ya zama abu daban daga 11, a Debian sunansa openjfx, Nashorn ya tafi a 15. Daga 17 kuma an kulle cikin JDK, zaɓin --illegal-access ya daina aiki, duk mai leƙen ciki sai ya gamu da InaccessibleObjectException. Ka gudanar da jdeps --jdk-internals a kan jar ɗin da kake zargi, zai jero maka abin da ya taɓa da abin da ya kamata ya koma. Inda ba za ka iya gyara tushen ba, --add-opens na wannan sashen kaɗai a eclipse.ini zai riƙe ka zuwa wani lokaci.

In kuwa burinka na biyun ne, gini daga tushe har ƙasa, ga abin da ke gabanka. Za ka fara da share duk abin da aka riga aka gina daga cikin tushen: find ya nemo maka .jar, .class, .so da .dll, ka jera su a Files-Excluded cikin debian/copyright, uscan ya sake ƙunshe tushen da alamar +dfsg. Kowane jar da ka cire dole ka sami takwaransa a /usr/share/java, in babu ka fara ƙunshe shi tukuna, shi ma da nasa abubuwan da ya dogara da su. Kana yi kana karanta lasisi. Tsofaffin fitowar laburaren org.json, alal misali, suna da jimlar da ta ce a yi amfani da manhajar wajen alheri ba sharri ba, kuma wannan jimla kaɗai ta sa Debian ba ta ɗauke ta 'yantacciya ba, tunda ta ƙayyade amfani. Sannan jar ɗin Debian sau da yawa ba shi da bayanan OSGi a MANIFEST.MF, babu Bundle-SymbolicName babu Export-Package, don haka Equinox ba ya ganinsa sam. Sai ka ƙara su da bnd. Ko yana da su, Eclipse kan nemi lamba tsakanin kaza da kaza, Debian kuma fitowa ɗaya take riƙewa, sai ka yi faci ka faɗaɗa iyakar, ka gwada ko da gaske sun dace. In ka taɓa cikin jar mai sa hannu ba ka cire fayilolin .SF da .RSA na META-INF ba, SecurityException ne zai tare ka. Ga kuma bundles.info, inda aka rubuta sunan kowane sashe da lambarsa: ranar da apt ya sabunta wani laburare, lissafin ya saɓa, Eclipse ya ƙi tashi alhali ba ka taɓa shi ba.

Mafi wuyar duka shi ne Tycho, kayan Maven da ake gina Eclipse da shi, domin shi kansa Tycho yana buƙatar sassan Eclipse kafin a gina shi. Tsanin da za ka hau soro da shi yana can bisa soron. Mafita ita ce gini hawa-hawa: ka fara gina 'yan sassan Equinox da p2 da ecj da hannu, da javac ko ant, ka gina ƙaramin Tycho da su, sannan ka gina cikakken Eclipse, ka dawo ka sake gina Tycho da shi. OpenJDK ma haka yake, kowace fitowa da wadda ta gabace ta ake gina ta. A nan ne kaɗai tsofaffin kayan nan suke da sauran amfani: masu Guix, wani tsarin ƙunsoshi na GNU, suna farawa daga Jikes da GNU Classpath da JamVM, su hau zuwa IcedTea, daga nan su bi fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai kyau, amma ba na mutum ɗaya mai aji a gabansa ba.

Wani zai ce maka ka bi Flatpak kawai, wata hanyar rarraba manhaja a Linux, tunda akwai org.eclipse.Java a Flathub, rumbunsa, kuma akwai OpenJDK a cikin kayan ginin freedesktop. Yana aiki, sai dai manhajar tana zaune ne a killace, ba ta ganin kompaila da kayan da ke kan injin sai ta hanyar flatpak-spawn --host, kuma saukewar farko tana da nauyi. Inda data ke da tsada, .deb ɗaya a rumbun cikin gida ya fi sauƙi: reprepro ko apt-ftparchive a kan injin guda, apt-cacher-ng don sauran ƙunsoshin Debian, kowa ya ja daga nan.

Gwajin ƙarshe kada ka yi shi a injin da ka yi ginin. Ka gina da sbuild ko pbuilder don abin da ka manta a Build-Depends ya bayyana, ka bi da lintian, sannan ka girka a sabon Debian da ba a taɓa sa wa Java ba, ka cire wayar intanet, ka shiga da sabon asusu marar iko. Ka tayar da shi daga tamina da -consoleLog. Ka buɗe sabon aiki, ka rubuta shiri mai buga "ƙasa" da "ɗaki", ka gudanar, ka tsayar da shi a tsakiya da debugger, ka danna F3 a kan String, ka ɗora linzami don Javadoc, ka buɗe taga ɗaya ta Swing. In wani sashe bai bayyana ba, ka duba .metadata/.log a cikin foldar aikin, ko ka tayar da -console ka rubuta ss don ganin waɗanda suka tsaya a INSTALLED, sannan diag da lambar sashen ya gaya maka ainihin abin da ya rasa. Bayan haka ka ƙara lambar ƙunshin, ka sake ginawa, ka sabunta a kan wannan asusun da ya riga ya yi aiki, domin tsohon abin da ke ~/.eclipse yakan riƙe lissafin sassan da suka gabata. In sabuntawar ta zo da matsala, tayarwa sau ɗaya da -clean tana wanke ma'ajiyar Equinox. Kada ka bar -clean ɗin a eclipse.ini dindindin, yana ƙara wa kowace tayarwa jinkiri.